Zaɓen Gilashin Kyamara

Sau da yawa ɗalibi in ya sami kyamara sai ya ƙosa ya sayi dogon gilashi, ya ƙarar da kuɗinsa a banza. Kowane gilashi da aikinsa, lambar milimita da ke jikinsa ita za ta gaya maka.

Mai ƙaramar lamba, kamar 24 ko 28, yana ɗibar wuri da faɗi. Da shi za ka ɗauki ƙofar fadar Shehun Borno gaba ɗaya. Amma kada ka kusanci fuskar mutum da shi, zai kumbura masa hanci.

Mai babbar lamba, kamar 200, yana jawo na nesa. Ran hawan salla a Dandal sai ka ɗauki mahayi ba ka shiga gaban doki ba. Aibinsa nauyi da tsada, kuma da hannu ya ɗan girgiza hoto ya ɓaci.

To, ɗan koyo ya fara da mai 50. Yana da araha, kuma yana nuna abu kusan yadda ido ke ganinsa. In an rubuta f/1.8, wato yana buɗewa sosai, yana samun haske ko da almuru. Kafin ka biya, gwada shi a kyamararka, gama na Canon ba ya shiga Nikon.

Da hunturu kuma a kula da ƙurar Maiduguri. Kada a goge gilashi da bakin riga, a kaɗe ƙurar da buroshi mai taushi tukuna. Yashi yana karce gilashi, karce kuwa ba ya gyaruwa.