Idan ƙafar motarka mai saiti ta fara ƙara

Wani ƙanen abokina ya cire shokoban da motarsa ta zo da su, ya sa irin masu saitin nan da ake kira koyiloba, waɗanda sifirin ke zagaye da jikinsu, ana ɗaga mota ko a sauke ta da su yadda ake so. Sati biyu mota lafiya lau. A na uku sai ga wata ƙara daga gaban dama, ƙwas-ƙwas, duk sa'ad da ya bi gargada. A garejin da ya fara zuwa aka ce shokoba ta mutu, ya nemo wata. Da muka ɗaga motar taya ya rataya, na kai hannu na kama sifirin, sai ya juya mini kamar awarwaro. Zobe ɗaya da ke riƙe sifirin ne ya kwance. Gyaran bai ci minti 20 ba.

Abin yana damuna, domin kayan nan ba su da arha, kuma sau da yawa laifin ba a cikin shokoba yake ba. Wani abu ne a wajenta ya saki. Don haka kafin ka kama hanyar Kofar Ruwa ko Panteka neman sabuwa, tsaya ka saurari motarka.

Fara da kwashe duk abin da ke but: jak, sifanar taya, galan, har safaya in ba a ɗaure take da kyau ba. Na sha ganin an zargi ƙafar baya alhali jak ne ke rawa. Daga nan ka nemi hanya mai ɗan gargada wadda ba cunkoso, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka tafi a hankali, wani yana zaune a baya yana kasa kunne. Kowace ƙara da inda take fitowa. Ƙwas-ƙwas mai sauri a kan ƙananan duwatsu yawanci linkej ne ko notin sama, za mu zo kansu a gaba. Gau ɗin da kake ji lokacin da taya ya faɗa rami ko ya sauko daga tudun rage gudu, sifirin ne ya bar mazauninsa ya dawo. Ɗas da ake ji idan an murɗa sitiyari mota tana tsaye, sifirin ne ke murɗewa ya saki, domin borin ɗin sama ba ya juyawa yadda ya kamata.

Yanzu a ɗaga. Ina roƙonka, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe ta. A sa mata madogara ta ƙarfe a ƙasa mai tauri, a tare tayoyin da ke ƙasa da dutse.

Da taya ya rataya, kama sifirin da hannu biyu. Gwada juya shi, gwada ɗaga shi sama da ƙasa. In yana da wasa, ka kama ɓarawonka. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, saboda koyiloba iri biyu ce. Akwai wadda tsayin mota da matsin sifirin kowanne da saitinsa daban, kamar BC Racing BR ta Taiwan da Tein Flex Z ta Japan. A irin wannan, in kana son sauke mota, jikin shokobar ake murɗawa ya shige cikin mariƙin ƙasa, ba a taɓa zoben da sifirin ke zaune a kai. Akwai kuma wadda da zoben sifirin ɗin ne ake saita tsayi, kamar yawancin KW da Bilstein B14 na Jamus, shi ya sa kamfanin ke rubuta iyakar da ba a wucewa, wasu kuma a haɗa musu ɗan ƙaramin sifirin mai laushi da ke cike gurbi idan taya ya rataya. Wanda bai san bambancin ba sai ya ɗauki nau'in farko ya yi ta sauke zoben sifirin don mota ta kwanta. Motar za ta kwanta ɗin, amma sifirin ya zama sakakke, kowane rami sai ya yi tsalle.

Gyaran ba wuya. Ka wanke zaren jikin shokobar da buroshi tukuna, domin ƙurar hunturu da taɓon damina suna cushewa a ciki, su sa ka ji kamar zobe ya ɗaure alhali datti ne ya tare shi. Murɗa zoben sama da hannu har ya taɓa sifirin, wasan ya ɓace. Sannan ka ƙara masa ɗan matsi da ƙugiyar sifanar da ta zo cikin kwali, gwargwadon abin da takardar kamfanin ta ce. A nau'in farko yawanci 'yan milimita ne, kamar 4 ko 5. Sai ka kawo zobe na biyu ka matse shi a jikin na farko, sifana ɗaya tana riƙe, ɗaya tana ɗaurewa. A nau'in farko, kada ka manta da zobe na uku, wanda ke kulle mariƙin ƙasa. Idan ya saki, shokobar gaba ɗaya ce ke girgiza a cikin zarenta. Na ƙi jinin in ga ana dukan zoben nan da guduma da kurfi. Yawancinsu alminiyam ne, haƙoransu na tsinkewa, gobe sifana ba za ta samu wurin kamawa ba.

Ga wata 'yar dabara. Bayan ka ɗaure, ja layi da fenti ko alƙalamin maka ya ratsa zobban zuwa jikin shokoba. Bayan kwana biyu ka leƙa. In layin ya rabu, ka san wanda ya motsa.

Sai notin sama, wanda ke kan sandar shokoba, ana ganinsa idan an buɗe bonet. Ko ɗan sakin da ido ba ya gani ya isa ya haifar da ƙara. Amma a kiyaye: kada a ɗaure shi da bindigar iska, domin tana juya sandar da ƙarfi, har ta iya kwance abin da ke ciki. Kada kuma a damƙi sandar da filaya. Tabo ɗaya a jikinta zai yanka robar da ke tsare mai, shokoba ta fara yoyo. A kan sandar akwai wurin da aka tanada don riƙewa. A riƙe nan, a ɗaure da hannu. A duba notocin da ke riƙe farantin sama da jikin mota, da ƙananan kusoshin saitin karkatar taya in akwai su.

Wasu koyiloban ba roba ce a samansu ba, ƙwallon ƙarfe ne a cikin gurbin ƙarfe. Yana sa sitiyari ya ji hannu sosai, amma duk abin da taya ya taka sai ya iso kunnenka. Wannan halinsa ne, ba ciwo ba. Sai dai in ka jijjiga taya sama da ƙasa ka ji ƙwal a daidai wurin, to ƙura ta cinye shi, canji yake so. Ga mai bin hanyoyin unguwa kullum, ni dai na fi son mai roba.

Linkej kuwa, sandar nan da ke haɗa ƙafa da ƙarfen da ke hana mota tangaɗi a kwana, shi ma babban mai laifi ne. Idan an sauke mota, tsayin na asali ba lallai ya dace ba, sai ya riƙa gogar wani ƙarfe ko ƙwallonsa ya mutu da wuri. Nemi wurin da fenti ya goge ƙarfe yana sheƙi, nan ake karo. In kana shakka, kwance linkej na ɓangarorin biyu, ka ɗaure ƙarfen da waya kada ya taɓa komai, ka ɗan zaga a hankali cikin unguwa. Ƙara ta ɗauke? Shi ne. Mayar da shi nan take, ko ka sa mai saitin tsayi, kada ka hau babban titi a haka. Kana nan ƙasa, dubi mariƙin tiyon birki da wayar ABS, sau da yawa ana barinsu suna lilo bayan an canza shokoba.

Abu ɗaya za ka riƙa taɓawa a lokaci guda, ka gwada mota, sannan ka wuce na gaba. Wanda ya ɗaure komai a tashi ɗaya, ko ƙarar ta tafi bai san me ya gyara ba, ranar da ta dawo sai ya koma farko.

Yaushe za a ce shokobar ce da kanta? Idan ka ga mai ya jiƙa jikinta har ƙura ta manne, ko sandar tana da wasa gefe da gefe, ko ka murɗa maɓallin laushi da tauri, in tana da shi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba ka ji bambanci ba. Ko a nan ma ba dole a zubar da saitin duka ba, kamfanoni da dama suna sayar da cikin shokobar daban.

In gyaran ya sa ka taɓa tsayin mota, auna daga tsakiyar taya zuwa bakin fenda hagu da dama su zo daidai. Kusoshin da suka ratsa bushin na roba kuma a ƙarasa ɗaure su bayan nauyin mota ya sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage. Daga nan ka wuce wurin masu alaimen kafin tayoyinka su fara cin gefe ɗaya.