Zuciyar mai ciki

Yara, ku ɗora hannu bisa ƙirji. Kun ji bugawa? Zuciya ce ke tura jini cikin jiki, dare da rana. In mace ta ɗauki ciki, jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, don ɗan da ke ciki ya samu abinci. Zuciyar da ba ta da lafiya sai ta gaji, kamar jakin da aka labta ma kaya fiye da ƙarfinsa.

A ƙauye, ungozoma ce ke fara ganewa. Ta san masu ciki da yawa ƙafarsu na ɗan kumbura. Amma in ta ga mace tana haki daga rijiya zuwa gida, tana tari da dare, ba ta iya barci sai a jingine, to ba ta tsayawa jiƙa saiwa. Sai ta ce ma mai gida: "A nemo mota yau, ba gobe ba."

A gidan awo, ungozomar asibiti tana auna hawan jini, ta rubuta takarda zuwa ga lokotoro, a Birnin Ƙonni, ko Illela, ko Galmi. Asibitin Galmi yana cikin ƙasar Malbaza, an buɗe shi a 1950. Lokotoro yana sauraren ƙirji, ya ba da ƙwayar da ke fid da ruwa ta fitsari. Shi ya san maganin zuciyar da ke cutar ɗan ciki, shi kuma ke cewa a haihu asibiti.

Amma lokotoro ba ya bin mace gida. Ungozoma ce ke leƙawa ta ga ko ana shan magani, ko an rage gishiri a miya, ko an ɗauke mata daka.

Ciwon yakan taso har bayan haihuwa. A Zariya, lokotoro biyu, Davidson da Parry, sun duba mata 224 masu wannan ciwo, suka bayyana aikinsu a 1978. Sun zargi kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken Kano na baya ya fi nuna talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Duk da haka, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai jegon da ke haki ba a ba ta kunun kanwa, ko kaka ta yi faɗa.

Tambayoyi
1. Don mi zuciyar mai ciki take gajiya?
2. Waɗanne alamu ungozoma ke dubawa?
3. Kilomita nawa ne daga garinku zuwa asibiti? Ku tambayo.