Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin Shiga Tseren Formula 1

Wani mai sauraronmu daga Wusasa, Zariya, yana tambaya: me ya sa ake hana sabbin ƙungiyoyi shiga tseren motoci na Formula 1, alhali da kuɗinsu suka zo?

To Malam, rigimar ta rabon kuɗi ce. Abin da gasar ke samu daga talabijin da talla, ƙungiyoyi ne ke raba kaso mai tsoka a tsakaninsu, kuma ka san in hannu ya ƙaru a akushi loma kan ragu. Shi ya sa yarjejeniyar Concorde ta 2021 ta ce duk sabuwar ƙungiya sai ta biya tsofaffin goma diyyar dala miliyan 200. Wannan fa ban da masana'anta da injiniyoyi da albashin direbobi.

Dubi Michael Andretti na Amurka. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta amince masa a Oktoban 2023, amma a Janairun 2024 masu harkar kasuwancin gasar suka ce ba zai ƙara mata daraja ba. 'Yan majalisar Amurka suka tada jijiyar wuya, ma'aikatar shari'a ta fara binciken kamfanin Liberty Media mai riƙe da harkar kasuwancin gasar. Da Andretti ya ja gefe, kamfanin General Motors ya shige gaba da sunan Cadillac, sai ƙofa ta buɗu a Maris 2025, rahotanni suka ce a kan diyyar dala miliyan 450.

A ganinmu, hujjar daraja fakewa ce kawai. Kafin Cadillac, Haas ce sabuwa ta ƙarshe, tun 2016.