Idan jarirai maza na yawan rasuwa a dangin uwa

A aikina na likitan yara, duk jaririn da aka dawo mini da shi da ciwon huhu kafin ya cika wata shida, nakan tambayi mahaifiyarsa: cikin ƙannenki da yayyenki maza, ko 'ya'yan 'yan'uwanki mata, akwai waɗanda suka rasu suna goye? Wani lokaci abin da ake kira wabi, gado ne a jini.

Akwai ƙwayar gado mai suna IL2RG a kan kuromosom X. Ita ke ƙera furotin ɗin da fararen ƙwayoyin jini ke karɓar saƙo da shi, saƙon da ke umartar su su girma su hayayyafa. Saƙonni iri shida ne ke bi ta ƙofar nan ɗaya. In ta toshe, ƙwayoyin T ba sa samuwa, ƙwayoyin B kuma suna nan amma babu mai sa su aiki. Wannan wani nau'i ne na cutar SCID, wato rashin garkuwar jiki mai tsanani.

Mace tana da X biyu, lafiyayyen yana rufa wa ɗayan asiri, don haka ita ƙalau take. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwa. Kowane ɗa namiji da mace mai ɗauke da matsalar ta haifa, rabi da rabi ne: ko ya gada, ko ya tsira.

Jaririn yakan zo duniya ɓul-ɓul. Bayan 'yan watanni sai gudawa ta ƙi tsayawa, farin dabbare ya rufe harshe ya yi ta dawowa, nauyi ya tsaya cak. Wurin allurar BCG ya ƙi warkewa, kaluluwa ta fito a hammata.

David Vetter na Amurka, wanda aka haifa da cutar a 1971, a cikin rumfar leda marar ƙwayoyin cuta ya rayu har gab da rasuwarsa a 1984. A 1993 aka gano cewa wannan ƙwayar gado ce ke jawo cutar. Yau dashen ɓargo kafin wata uku da rabi yana ceto fiye da kashi 90 cikin ɗari.

SCID ba ta da yawa, kusan jariri ɗaya ne cikin 58,000 a ƙididdigar Amurka, don haka kada ta hana kowa rigakafi. Amma in akwai wannan tarihi a danginki, ki faɗa tun a wurin awo. A gwada jinin jaririn ranar haihuwa, a ƙirga fararen ƙwayoyinsa kafin a yi masa BCG ko a ɗiga masa maganin shan inna.