DARASI NA BAKWAI: KEƁAƁƁUN KALMOMIN TSEREN MOTA NA 'YAN SHA'AWA

7.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da Hausa take bi wajen samar da sababbin kalmomi, wato aro da faɗaɗa ma'ana da harɗantawa da ƙirƙira. A wannan darasi za a ɗauki fage guda a jarraba waɗannan hanyoyi a kansa. Fagen da aka zaɓa shi ne tseren mota, musamman irin wanda 'yan sha'awa suke yi da motoci masu tayoyi a waje. An zaɓe shi ne saboda baƙo ne a ƙasar Hausa, amma ya riga ya shigo gidajenmu ta talabijin da wayar hannu. Malamin Hausa yana iya cin karo da shi a darasin insha'i ko na fassara. Idan ya rasa kalmomin bayani ya koma ga Ingilishi, ɗalibansa za su tashi da zaton Hausa ce ta gaza.

7.1 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana ma'anar wannan wasa da taƙaitaccen tarihinsa;
(b) kawo matakan da ɗan sha'awa yake bi kafin ya shiga gasa;
(c) samar da keɓaɓɓun kalmomin wasan tare da kafa hujja a kan kowace kalma.

7.2 Ma'anar Wasan

Mota mai tayoyi a waje ita ce wadda aka ƙera don tsere kawai. Kujerarta ɗaya ce a tsakiya, injinta yana bayan matuƙi, tayoyinta huɗu kuma suna waje da gangar jikinta ba tare da murfi ba. Ba a hawa titin jama'a da ita, sai keɓaɓɓen fili mai kwalta wanda ake zagayawa. Wannan ya bambanta ta da motocin tseren dogon zango, kamar na bikin kamun kifi na Argungu, ko na gasar Faris zuwa Dakar wadda ta riƙa ratsawa ta Agadas kafin a mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Kowane rukuni na waɗannan motoci ana kiran sa fomula. Abin da kalmar take nufi a nan shi ne jerin ƙa'idojin ƙira: girman inji da nauyin mota da irin tayar da aka yarda a ɗaura. Ɗan sha'awa kuwa shi ne wanda yake tseren da kuɗin aljihunsa a ranakun hutu, alhali yana da wata sana'ar da yake ci da ita.

7.3 Taƙaitaccen Tarihi

Faransa ce mahaifar tseren mota. A 1894 aka yi gasar farko da ta shahara, daga Faris zuwa Rouen, tafiyar kimanin kilomita 126. A 1904 aka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama FIA, hukumar da take kula da wasan a duniya. Gasar duniya ta Formula 1 ta fara ne a 1950 a filin Silverstone na Ingila, inda Giuseppe Farina, mutumin Italiya, ya yi nasara.

Tsadar manyan motocin ta sa masu ƙaramin ƙarfi suka nemi mafita. A 1956 wani Ba'amurke mai suna Art Ingels ya ƙera 'yar ƙaramar motar nan ta kat a Kalifoniya, wadda ta zama makarantar farko ga yara. A farkon shekarun 1960 aka fito da Formula Vee a Amurka, ana haɗa ta da inji da giya da ƙafafun Volkswagen Beetle, wato irin Bitil ɗin da aka fara haɗawa a Legas a 1975. A 1967 kuma aka yi tseren farko na Formula Ford a filin Brands Hatch na Ingila da injin Ford Cortina. Hikimar waɗannan rukunoni biyu ita ce a daidaita motoci, ta yadda gwaninta za ta raba gardama maimakon nauyin aljihu.

Daga irin waɗannan ƙananan gasanni manyan matuƙa suke fitowa. Ayrton Senna na Burazil ya lashe gasar Formula Ford ta Ingila a 1981 kafin ya zama zakaran duniya har sau uku. Lewis Hamilton, wanda ya ɗauki kambin duniya sau 7 tsakanin 2008 da 2020, ya fara ne da kat yana ɗan shekara 8. Mafi yawan 'yan sha'awa dai ba su da wannan buri, a ƙananan gasannin suke tsufa. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta fi daɗewa da irin wannan gasa, kuma a filinta na Kyalami aka yi tseren Formula 1 a 1993, wanda tun daga shi gasar ba ta sake zuwa Afirka ba.

7.4 Yadda Ɗan Sha'awa Yake Shiga Gasa

Wanda bai fahimci abu ba, ba zai iya raɗa masa suna ba. Saboda haka wajibi ne a san matakan gasar kafin a zo ga kalmomi.

Mataki na farko shi ne lasin. Lasin tuƙi na kan titi bai wadatar ba. A Ingila sai mutum ya ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi a makarantar tsere. Bayan haka zai liƙa alama ruwan ɗorawa mai baƙin gicciye a bayan motarsa, don a san sabon shiga ne, har sai ya kammala tsere 6 alƙalai sun sa masa hannu.

Na biyu shi ne kayan kariya: hular kwano, da riga da safar hannu da takalma waɗanda ba sa saurin kama wuta, da abin tallafe wuya, da ɗamara mai maɗauri shida. Motar ma tana da lanƙwasasshen ƙarfe a bayan kan matuƙi, saboda ko da za ta kife.

Na uku shi ne tantance mota. Alƙalai sukan duba birki da ɗamara da abin kashe gobara, su kuma auna nauyi. Motar da ta saɓa ƙa'ida ba ta shiga fili.

Na huɗu shi ne zagayen neman sahu. Kowa zai zagaya filin ana auna lokacinsa, wanda ya fi sauri shi zai tsaya a gaba wajen tashi.

Na biyar shi ne tseren kansa, wanda a gasar 'yan sha'awa yakan ɗauki minti 15 zuwa 20. A nan babbar gwaninta tana wajen shan kwana. Matuƙi yakan tunkari kwanar daga gefen waje, ya taka birki tun motar tana miƙe, ya karyo ya shafi cikin kwanar, sannan ya ba ta wuta ya sake fita gefen waje. Wanda ya faɗa kwana da gudun da ya wuce kima zai fita a makare, sauri ya haifi nawa ke nan. Haka kuma gogayya haramun ce a irin waɗannan motoci, domin idan taya ta taɓa taya, bayan ta gaba yana tashi sama ne yayin da gaban ta baya yake sauka, sai ta baya ta hau ta gaba, motar ta yi sama.

Da tutoci ake magana da matuƙi. Koriya tana nufin hanya lafiya. Ruwan ɗorawa tana nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada a wuce kowa. Ja tana nufin an dakatar da tsere. Shuɗiya tana nufin wanda ya fi ka gudu yana bayanka. Baƙa tana kiran matuƙi ya fita daga fili. Mai gida-gida baƙi da fari ita ce ta ƙarshen tsere.

7.5 Rumbunan da Za a Ɗebo Kalmomi

Ƙa'idar ita ce, ba a ƙirƙirar kalma sai an tabbatar babu ita a bakin jama'a. Mai nazari a Zariya yana da rumbuna uku a kusa da shi.

7.5.1 Gareji

Duk wanda ya zauna a garejin kanikawa a Tudun Wada na awa guda zai ji birki da giya da kuloci da totur da sitiyari da fulogi da lagireto da salansa da ribas. Dukkansu ararru ne daga Ingilishi, amma an hausantar da su bisa tsarin sautin Hausa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa aka saƙala wasali, brake ta koma birki, clutch ta koma kuloci. Sautin /p/ yakan koma /f/, kamar a fulogi, /v/ kuma ya koma /b/, kamar a ribas. Yawancinsu an ƙara musu wasali a ƙarshe, domin akasarin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Waɗannan kalmomi sun zama 'yan gida har sun haifi maganganun azanci, irin su shan kwana da taka birki da ba ta wuta. Neman maye gurbinsu ɓata lokaci ne.

7.5.2 Fagen Dawaki

Tun kafin zuwan mota Bahaushe ya san tsere a kan doki, kuma hawan salla da hawan daushe na Zazzau shaida ne. Daga nan za a iya faɗaɗa ma'anar wasu kalmomi. Zamiya, wadda take nufin jan linzami doki ya zame da ƙafafun baya, ta dace da sulɓewar mota a kwana. Sai a ce zamiyar baya idan bayan motar ne ya kufce, zamiyar gaba kuma idan goshinta ne ya ƙi karyowa. Kilisa, wato fita da doki don motsa jiki, za ta iya ɗaukar ma'anar zagayen ɗumama taya da ake yi a hankali kafin tashi. Amma ba kowace kalma ce take yarda da ƙaura ba. Kwalkwali sunan hular mayaƙan lifidi ne, sai dai jama'a sun riga sun zaɓi hular kwano ga mai babur, don haka ita ta fi cancanta. Sukuwa ma ta manne wa doki, gara a bar mota da tsere.

7.5.3 Harɗantawa da Ɗafi

Inda rumbunan biyu suka gaza, sai a gina kalma da kayan gida. Ɗafa-goshin ma- ya ba mu matuƙi da matsaya. Ɗan da 'yan sun ba mu ɗan tsere da 'yan tuta. Harɗantawa ta ba mu layin tashi da sahun gaba da zagayen neman sahu da tantance mota. Wannan aiki ba sabo ba ne a Zariya, domin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan a 1939, ta daɗe tana isar da sababbin abubuwa ga masu karatu ta wannan hanya. Littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Dalhatu Muhammad ya tace, shi ma irin aikin ya yi wa fannin harshe da adabi.

7.6 Tarkon Fassarar Kalma da Kalma

Akwai wurare huɗu da mai fassara yakan yi tuntuɓe.

Na ɗaya, sunan motar. Idan aka bi Ingilishi sau da ƙafa za a ce mota mai buɗaɗɗiyar taya. Bahaushe zai ɗauka an farke tayar ne. Mota mai tayoyi a waje ta fi bayyana siffar.

Na biyu, sunan mai wasan. Wasu sukan ce ɗan koyo, alhali ana samun wanda ya shekara 20 yana tsere bai taɓa karɓar albashi ba. Abin da ya raba shi da mai sana'ar shi ne biya, saboda haka ɗan sha'awa ya fi daidai. A bar sabon shiga ga mai alamar gicciye.

Na uku, wurin da motoci suke tsayawa a gyara su. Kalmar Ingilishin tana nufin rami, amma wanda ya ji an ce mota ta shiga rami zai yi salati. Rumfar kanikawa ta wadatar.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. A bakin jama'a, wasan mota yana nufin abin da wasu samari suke yi a kan titi lokacin biki, suna juyi da ƙona taya a tsakiyar mutane, abin da yakan jawo karaya da asarar rai. Idan malami ya kira gasar da aka bayyana a sama da wannan suna, ya haɗa abu mai lasin da alƙalai da motar asibiti da abin da doka ta hana, yaro kuma zai iya zaton abin da ya gani a talabijin shi ne ake yi a unguwarsu. Hausa ta tanadi sunayen da suka dace da na titi, wato ganganci da gudun wuce sa'a. Na fili kuwa gasar tseren mota ne.

7.7 Kammalawa

A wannan darasi an kawo ma'anar tseren motoci masu tayoyi a waje da tarihinsa da matakan shigarsa, sannan aka nuna yadda gareji da fagen dawaki da ƙa'idojin ginin kalma suke samar da abin bayyana shi. Tsarin da aka bi shi ne: a fahimci abu, a nemi sunansa a bakin masu sana'a, a duba tsofaffin kalmomin da za a faɗaɗa, sannan a yi ƙirƙira. Kalmomin da aka gabatar a 7.5.2 da 7.5.3 shawara ce, karɓuwarsu tana hannun masu magana da harshen. Darasi na gaba zai bi wannan tsari a fagen kiwon lafiya.

7.8 Auna Fahimta

1. Bambanta ɗan sha'awa da ɗan koyo da sabon shiga, tare da misalai.
2. Bayyana sauye-sauyen sauti da aka samu a kalmomin kuloci da fulogi da ribas.
3. Me ya sa zamiya ta karɓi faɗaɗa ma'ana amma sukuwa ta ƙi?
4. Rubuta sakin layi biyu kana bayyana wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ma'anar tutoci shida na tsere.

Jinga: Ziyarci garejin kanikawa a Tudun Wada ko a unguwarku, ka tattaro kalmomi 20 na sassan mota, ka rarraba su zuwa ararru da harɗaɗɗu da waɗanda aka faɗaɗa ma'anarsu.