Darasi na Shida: Kududdufi da Tsirran Ruwa a Rayuwa da Harshen Bahaushe

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai mutum kan haƙa ɗan tafki a bayan gidansa, ya dasa furanni domin ado. Bahaushe bai saba da wannan al'ada ba, amma yana da kududdufi, wato ramin da aka bari bayan an ɗebi ƙasar gini, wanda ruwan sama kan cika da damina. A Dutsi da ƙauyukanta, kamar sauran garuruwan shiyyar Daura, da wuya a sami tsohuwar unguwa da ba ta da irin wannan rami. Wannan darasi zai duba tsirran da ke fitowa a cikinsa da yadda suka shiga harshe, domin malamin da bai san tsiro ba ba zai iya fayyace sunansa ko karin maganar da aka gina a kansa ba.

2.0 Matattarar Ruwa

Kududdufi (jam'i: kududdufai) aikin hannun mutum ne, yana cikin gari ko gefensa, kuma yakan ƙafe da rani. Tafki (jam'i: tafkuna) ya fi shi girma da daɗewa. A wasu kare-karen harshen akan ji kududduhi da tabki. Madatsar ruwa kuwa, irin ta Daberam da ke tsakanin Dutsi da Daura, ginin zamani ce da ke riƙe ruwa har bazara.

3.0 Rabe-raben Tsirran Ruwa

Ana iya kasa su gida huɗu bisa la'akari da mazauninsu:

(a) Bado: saiwarsa na cikin taɓo, ganyensa mai faɗi na kwance a kan ruwa. Farin furensa kan buɗe da dare, ya rufe da hantsi. Idan ruwa ya ƙafe, tushensa kan kwanta cikin busasshen taɓo har wata damina. Ana cin tushen da 'ya'yan, musamman a shekarun yunwa. Inuwar ganyensa tana rage gansakuka, tana kuma ba kifi mafaka.

(b) Kainuwa: ba ta kafa saiwa a ƙasa, tana yawo ne a bisa ruwa duk inda iska ta kaɗa ta. Uwa kan fitar da 'ya'ya ta gefe, shi ya sa cikin 'yan makonni take rufe kududdufi. Idan ta yi yawa takan hana haske da iska shiga ruwa, kifi ya wahala, kuma akwai nau'in sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta.

(c) Kachalla: doguwar ciyawa ce mai tsayuwa inda ruwa ba shi da zurfi. Bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani a sassan fadamar Haɗeja da Nguru, sai ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su.

(d) Duman rafi: yana yaɗo a bakin ruwa, yana riƙe ƙasa kada ta zaizaye, amma yana sa dabbar da ta ci shi da yawa makyarkyata.

Saboda haka, wanda zai yi ɗan tafki a gida ko a makaranta, bado ne ya fi dacewa da shi. Kainuwa sai da yawan tsamewa, kachalla kuwa a guje ta.

4.0 Tsirran Ruwa a Harshe

Kirarin nan na "kainuwa dashen Allah" ya samo asali ne daga lura. Bahaushe ya ga tsiron da babu wanda ya shuka, ba shi da gindi a ƙasa, amma yana bunƙasa, sai ya kwatanta shi da mutumin da ya ɗaukaka ba tare da wani ya tsaya masa ba. Duman rafi kuma harɗaɗɗen suna ne: duma, da mahaɗin -n, da rafi. An ari sunan tsiron gida mai yaɗo an ba na bakin ruwa saboda kamanni. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, G. P. Bargery kuma ya fitar da ƙamusunsa a 1934. Yanzu da ake cike kududdufai ana gina gidaje, yaro na iya haddace kirarin bai taɓa ganin kainuwa ba.

5.0 Dabarun Koyarwa

Ya kamata malami ya kawo tsiron cikin aji a bokiti, ɗalibai su ga saiwar da idonsu kafin a shiga karin magana. Kada ya tura yara su shiga kududdufi. An tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya a 2013, amma tsargiya, wadda katantanwar ruwa ke yaɗawa, tana nan, ga kuma haɗarin nutsewa.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambanta kududdufi da tafki.
2. Wace siffa ta kainuwa ce ta haifar da kirarinta?
3. Kawo harɗaɗɗun sunayen tsirrai guda biyar daga karin harshen garinku, ka feɗe ginin kowanne.