Makonnin Ƙarshen Shekara: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Azare, ina kuma ɗan taɓa noma a ƙauyenmu wajen Chinade. Kowace shekara Disamba kan zo ta wuce, Janairu ta same ni ba ko sisi. Yaya zan yi in ci moriyar makonnin da suka rage?

Amsa: Malam, Allah ya saka da wannan tambaya, domin ciwon magidanta da yawa ka taɓo.

A ƙasar Katagum ƙarshen shekara yana haɗuwa da ƙarshen kaka. Gero ya shiga rumbu, an yanke dawa, wake da riɗi sun iso gida, hannun kowa da ɗan danshi. Shi ya sa bukukuwa suke taruwa a wannan lokaci, shi ya sa kuma hatsi yake faɗuwa a kasuwar Azare: kowa ya kwaso nasa a lokaci guda. Wanda ya sayar da buhu yanzu don gudunmawar biki, shi ne yakan koma ya sayi tiya da tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabo kuma bai nuna ba.

Saboda haka fara da awo. Auna abin da ka samu. Idan ya kai nisabi, wato sa'i 300 na Annabi (SAW), fitar da zakka tukuna: ɗaya cikin goma ga noman damina, rabin haka ga abin da aka shayar da inji. Limaminku zai mayar maka da lissafin zuwa kwanon garinku. Daga nan ka zauna da uwargida, domin ita ta san yawan tiyar da gidan yake ci a mako. Ku ware abincin da zai kai ku Satumba, ku ware iri. Abin da ya saura ne kawai na kasuwa, kuɗin makarantar yara na zango na biyu kuma shi ne farko a cikinsa.

Wake ne abin da ya fi damuna. Ƙwaro yakan gama da shi cikin 'yan watanni, wasu kuma sai su zuba masa maganin feshi, su ciyar da iyalinsu guba. Don Allah kada ka yi haka. Shanya shi ya bushe ƙarau, ka zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, ka ɗaure kowace daban. Idan babu, jarka ko duro mai murfin da iska ba ta shiga ya isa, muddin ka cika shi taf.

In kana da hanyar samun fili a fadamar kogin Jama'are, ko da na aro ne, kada hutun makaranta ya wuce maka a zaune a majalisa. Alkama sanyin hunturu take so. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, wanda ya makara kuwa zafin Maris ke riskar alkamarsa tana zuba ido, ƙwayar ta ƙanƙance. Idan lokacinta ya ƙure maka, koma ga albasa ko tumatir, ka haɗa kuɗin man inji da maƙwabcin fili tun kafin albashin Disamba ya shigo hannu.